Faifaina na btrfs ya ƙi buɗuwa, saƙon kuskuren kuma bai faɗi dalili ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Ina da kwamfuta mai Linux da na haɗa mata faifan ajiya biyu a btrfs (wani tsarin adana fayiloli na Linux) da salon RAID1, wato kowane bayani yana da kwafi a kowannensu. Wuta ta ɗauke tana tsaka da aiki, tun daga nan mount, wato umarnin da ke buɗe faifai, ya ƙi. Abin da yake rubuto mini kawai shi ne "wrong fs type, bad option, bad superblock". Hotunan iyali da takardun aikina duk suna ciki. Wani ya ce in buga btrfs check --repair. Wai umarnin gyara ne. In yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka taɓa --repair yanzu. Su kansu masu btrfs sun yi gargaɗi a takardar bayaninsa cewa kada a yi shi sai da shawarar gwani, don yana iya ƙara ɓarna. Shi kuwa wannan saƙon jeren zato ne kawai. Lambar kuskure ɗaya tak kernel, wato zuciyar Linux, yake miƙo wa mount, sai shi ya lissafo maka duk abin da ka iya jawo ta. Ainihin dalilin yana cikin dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kernel. Sake gwadawa, ka buga dmesg nan take, ka turo mana layukan ƙarshe.

Mai tambaya: Na gode. Ya ce "devid 2" ɗin "is missing", a ƙasa kuma "open_ctree failed".

Amsa ta biyu: To, da sauƙi in sha Allah. Faifai na biyun ne ba a gani. Duba da lsblk, umarnin da ke lissafo faifan da kwamfuta ke gani. In bai fito ba, kashe kwamfutar ka duba wayar SATA (mai haɗa faifai da kwamfuta) da ta wuta. In ya fito, buga btrfs device scan don ya sake neman faifan, ka sake gwadawa. In duk ya ƙi, buɗe da mount -o degraded,ro, wato da faifai ɗaya kuma don karantawa kawai, ka kwashe kayanka zuwa wani faifan kafin komai. Kada ka cire ro ɗin nan, shi ke hana ka rubuta sabon abu a kan faifan da ya rage.

Amsa ta uku: Ni abin da ke ba ni haushi, kernel ya san faifan da ya ɓace, amma sai mutum ya je tono. Ka riƙa lura da lambar da ke ƙarshen layin kuskuren a dmesg: -2 ba a samu abin ba, -5 faifan ya kasa karantuwa, -16 wani abu na riƙe da shi. Da -5 ka gani, sai in ce ka fara da smartctl -a don duba lafiyar faifan.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. lsblk faifai ɗaya yake nunawa ko bayan na canja waya. Ya buɗu da degraded,ro, yanzu haka ina kwashewa. In na kawo sabon faifai, btrfs replace zan yi don ya maye gurbin wanda ya ɓace?

Amsa ta biyu: Shi ne, amma sai ka gama kwashewar tukuna, don dole ka cire ro kafin ya yi aiki.