Kansar maƙoshi a Gabashin Afirka: da gaske shayi mai zafi na da hannu?

Ɗan Arusha:
Assalamu alaikum. Harkar duwatsu nake yi a Arusha ta ƙasar Tanzaniya, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Dillalin da muke aiki tare, mutumin wajen Moshi, bai kai shekara 50 ba, an ce kansar maƙoshi ce ta kama shi, wato bututun da abinci ke bi ya sauka ciki. Nama ne ya fara tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Daga nan ugali, tuwon masararsu, ya gagara, ya koma kunu. Yanzu ko yawu da ƙyar yake haɗiyewa, da ɗan gwangwani a gefen gado yana tofawa. An sa masa wani bututun ƙarfe a ciki don abinci ya samu hanya, amma an gaya wa iyalinsa cewa an makara.

Duk wanda na yi wa maganar a nan sai ya ce ai kawunsa ma haka, ai maƙwabciyarsu ma ita ce ajalinta. Ni kuwa a Kano ban taɓa jin wanda aka ce ta kama ba. Wani ma'aikacin jinya ya ce mini shayi mai zafi na daga cikin dalilai. To mu da muke raba dare a teburin mai shayi fa? Masu sani a taimaka.

Likita Baban Iman:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba shi sauƙi, ya sa kaffara ne.

Abin da ka gani ba idonka ba ne kawai. Daga Habasha, Kenya, Tanzaniya, Malawi har zuwa Gabashin Cape a Afirka ta Kudu, cutar ta yi katutu, kuma Malawi na cikin ƙasashen da suka fi kowa a duniya. A yammacin Kenya har 'yan ƙasa da shekara 30 ana gani, abin da ba a saba ba. Wani zirin ƙasashen da cutar ta yi yawa kuma ya taso daga arewacin Iran, ya ratsa tsakiyar Asiya zuwa arewacin Sin.

Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kimanin 511,000 suka kamu a duniya, 445,000 suka mutu. Kusancin lambobin nan biyu shi ke tayar mini da hankali. Maƙoshi yana da miƙewa, don haka ƙari na iya girma a cikinsa wata da watanni mutum na cin abincinsa lafiya. Ranar da loma ta fara tsayawa, yawanci hanyar ta riga ta tsuke sosai. Ko a Amurka, da duk kayan aikinsu, kusan mutum 1 cikin 5 ne ke kai shekara 5 bayan an gano.

Maganar shayi gaskiya ce, amma zafin ne matsalar, ba ganyen ba. A 2016 IARC ta sa duk abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan kansa. A yankin Kilimanjaro, inda mutuminka ya fito, an auna shayin da mutane ke kurɓa aka samu kusan digiri 70, musamman wanda aka dafa da madara, domin ba ya saurin hucewa. A lardin Golestan na Iran, wani bincike na 2009 ya nuna masu sha kafin minti 2 da zubawa sun ninka masu jiran minti 4 haɗari wajen sau 5. Ƙuna ce ƙarama da ake maimaitawa kullum, shekara da shekaru.

Sai dai ba shayin kaɗai ba. Taba da barasa su ne manya, balle a haɗa su, kuma a can akwai ta gida mai ƙarfi: gongo a Tanzaniya, kachasu a Malawi. Ana kuma zargin hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga, da lalacewar haƙora, da ƙarancin 'ya'yan itace da ganye a abinci.

Malam Na-Tasha:
Likita, da girmamawa, kakanninmu kunu da koko suke sha yana tiriri, kuma sun tsufa. Ni ban ga abin tsoro ba.

Likita Baban Iman:
Malam, kana da hujja: a ƙididdiga Afirka ta Yamma na cikin wuraren da cutar ta fi ƙaranci, alhamdu lillahi. Amma ka tuna na'urar leƙa ciki ba kowane gari take ba a wajenmu. Na sha ganin dattijon da ya rame, an yi ta ba shi maganin olsa da jiƙe-jiƙe, alhali abin da yake faɗi tun farko shi ne abinci na maƙale masa. Irinsa ba ya shiga lissafin kowa. Kuma me ka rasa in ka bar mai shayi ya ƙara sheƙa maka shi tsakanin kofi biyu?

Ɗalibi a Henan:
Karatun likita nake a lardin Henan na ƙasar Sin. Wajen rabin masu cutar nan na duniya a Sin suke, kuma garin Linzhou da ke gindin tsaunukan Taihang ya yi suna da ita. Abin da ya burge ni shi ne ba sa jiran mutum ya kasa haɗiya. A yankunan da ta yi yawa ana kiran 'yan shekara 40 zuwa 69 a leƙa maƙoshinsu, a fesa ruwan aidin. Lafiyayyen wuri sai ya rine, wurin da ya fara lalacewa ya tsaya fari-fari, a kankare shi ta na'urar ba tare da an tsaga ƙirji ba. Yawan masu kamuwa na raguwa a can.

Maman Sadiq:
Ni a Birmingham nake. Kansar nan iri biyu ce fa. Ta Afirka da Asiya daban, tamu ta nan Ingila daban, kuma ita ƙaruwa ta yi tun shekarun 1970 a Turai da Amurka da Ostireliya. Tushenta ƙwannafi ne da teɓa: ruwan ciki mai tsami na yawan hawowa yana cin ƙasan maƙoshi, kuma maza ta fi kamawa. Maigidana ya daɗe da ƙwannafi, sai da na matsa aka leƙa. Ba a ga kansa ba, amma an sa shi a magani. 'Yan'uwa mata, in maigida kullum yana cikin shan maganin ƙwannafi, a raka shi asibiti.

Ɗan Arusha:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita, gobe zan koma Moshi. Me zan gaya wa matarsa game da ciyar da shi?

Likita Baban Iman:
Abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu da madara da gyaɗa, dafaffiyar ayaba da aka dama, romo. Ban da burodi da tsokar nama, suna toshe bututun. Ya ci a zaune, ya riƙa kurɓar ruwa tsakanin loma, kada ya kwanta da ya gama, da dare a ɗaga masa kai da filo biyu. In ciwo ya hana shi barci su nemi sashen kula da masu jinya mai tsanani, akwai ruwan mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, da ake bayarwa, kada su ji tsoronsa. In abinci ya sake tsayawa gaba ɗaya, su koma asibiti a ranar, sau da yawa ana iya buɗe bututun.