Bawul, ƙwai ko kwalba? Ina neman Hausar "tube" na tsohuwar amfilifaya

Jama'a ku taya ni, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya tun ranar Asabar.

Muna share sito a gidanmu na Tudun Wada sai ga wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin tsofaffin tabarmi, kyankyasai sun mai da shi gida. Na marigayi Kawu ne, wanda ya kaɗa jita da samartaka kafin ya ajiye ta ya kama sayar da yadi. Amfilifayar jita ce, na'urar ƙara sauti, an rubuta Fender Champ a goshinsa. Abin murɗawa uku ne kawai: na ƙarfin sauti, na siririn amo, da na kauri.

Na rungume shi sai Tsohuwar Panteka, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ina isa na jawo wayar zan cusa a soket, ya doke mini hannu. "Kai yaro, wutar Amurka yake ci, volt 117. Tamu 230 ce. Ka jona shi haka, hayaƙi za ka kai gida." Ya juya akwatin, ya haska tocila. Can a jikin katakon ga wata takarda ta yi ja don tsufa, an buga mata hatimi: OK. Na ce, "Baba, ai ga shi sun ce lafiyarsa ƙalau." Ko kallona bai yi ba.

Sai da na koma gida na bincika na gane ba OK ɗin da na sani ba ce. Haka kamfanin yake buga ranar haihuwar kayansa a lokacin: harafin farko shekara, na biyu wata. O na nufin 1965, K kuwa harafi na sha ɗaya a baƙaƙen Turanci, wato Nuwamba. Washegari muka duba bayan abin murɗa sauti, lambarsa ta fara da 137, alamar CTS, kamfanin da ya ƙera shi, sai 65 ta shekara a biye. Shaida biyu ke nan. Ga baƙin goshin na uku, don irinsa Fender ya yi daga 1963 zuwa 1967 kafin ya koma mai ruwan azurfa. Shekarar ma ba banza ba ce: a Janairun 1965 Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, ya sayar da shi ga CBS, gidan watsa labarai na Amurka.

To ga inda rigimar take. A bayan akwatin akwai wasu abubuwa uku na gilashi, kansu a ƙasa kamar jemagu. 5Y3 tana daidaita wutar da ta shigo, 12AX7 tana tallafo ɗan raunin sautin da jita ke aikowa, 6V6 ta tura shi da ƙarfi zuwa lasifika. Baba ya ce bawul. Yaron shagonsa ya ce gulob. Ni na buɗe baki na ji Turanci kawai ke fitowa: "tube".

Kan amfilifaya ba ni da ja. Mai haya da kayan sauti, da ladan, da mai majalisi duk sun san ta, a bar ta. Wani aboki ya ce amsa-kuwwa, na ce wannan tuni lasifika ta riƙe. Da ni ne mai raɗa suna tun farko da sanƙira zan ce, don shi ne mai ɗaukar maganar makaɗi ya ɗaga ta, ya kuma sa mata nasa gishirin. Amma an riga an yanka rago.

"Tube" dai na Amurkawa ne, kuma in ka furta shi a Kaduna wurin mai faci za a nuna maka. Ya fita.

Bawul yana da hujja. Shi ne sunan da Turawan Ingila suka ba shi, tun da John Ambrose Fleming ya ƙera na farko a 1904, saboda yana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya ya hana ta komowa, daidai da bawul ɗin taya. Sai dai wannan aikin 5Y3 ce kaɗai ke yin sa a akwatin Kawu. Sauran biyun jikokin na Lee de Forest ne, wanda a 1906 ya ƙara wata 'yar waya a tsakani, ƙaramar wuta ta riƙa juya babba, daga nan ƙara sauti ya samo asali. Kuma makanikai sun riga mu kama kalmar.

Ƙwai fa? Muna cewa ƙwan fitila, kuma abin yana yin ja-ja in ya ɗau zafi. Faransawa ma fitila suke kiransa, ina jin 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram za su fi karkata nan. Amma ku furta "amfilifaya mai ƙwai" ku ji, sai ka ce oda ce wurin mai shayi. "Mai fitila" kuwa, kowace ta zamani tana da fitilu masu ƙyaftawa, ba ta rarrabe komai ba.

Ni kwalba na zaɓa. Gilashi ce, a toshe take, an zuƙe iskar cikinta, in ta faɗi ta fashe. Babu wani abu a cikin kayan lantarki da ya riga ya ci sunan. Amfilifaya mai kwalba, kishiyarta mai taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947 ta zo ta kore ta daga kasuwa. Na san za a ce jita da kwalba a jimla ɗaya ba su yi wa Kawu adalci ba. Allah Ya jiƙansa, shayi ne abin shansa.

Baba ya sauya kafasitocin da suka bushe. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa hannu ciki ko a kashe yake, don suna iya riƙe wuta sama da volt 300. Aka jona ta taransifoma mai rage wuta, aka kunna. Shiru. Na ce ya mutu. "Haƙuri, sai ta ɗumama." Can sai ga ɗan gurnani.

Wat biyar ne ko shida, lasifika inci takwas, ba zai cika ko zaure babba ba, kuma kaurin amonsa kaɗan ne. Amma in ka murɗa ƙarfin sauti zuwa lamba huɗu, sautin garau yake, mai taushi. Daga bakwai sai ya soma dishewa, irin dishewar muryar tsohon maroƙi mai daɗin saurare, ba tsagewar da taransista ke yi in an matsa mata ba. Ka taɓa tsirkiya a hankali ya lafa, ka doka ya yi kurari. Mai ɗinki na kusa sai da ya tsayar da keke ya leƙo.

Baba har yanzu yana kan bawul ɗinsa, ya ce shekara hamsin yana faɗa ba wanda ya kawo masa na taya. Amma da zan tafi na ji yaron yana ce masa, "Baba, kwalbar tsakiya ce ke yin zafi da yawa?" kuma ya amsa bai gyara masa ba.

Wanda yake da wadda ta fi ta, bismilla. Kuma 6V6 ɗin ta gaji, in akwai mai irin kwalbar a Kaduna ko Zariya ya yi mini magana.