Ruwan rafinmu ya koma ja, kabejina ya ƙi naɗewa, ku ba ni shawara

Sani Mai Lambu: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin noma ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Muna da lambu a bakin wani rafi can bayan Bukuru, ta hanyar Barikin Ladi, gadon mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Shi ma tun yana leburan kuza aka ba shi aron wurin, daga baya suka daidaita da masu filin ya biya. Da aka raba gado, yayana ya ce shi ba manomi ba ne, shagonsa a Katako ya ishe shi, ya bar min kasonsa ina ba shi wani abu duk ƙarshen rani. Kason ƙannena mata shi ne gangaren da ke saman lambun, inda akwai tsofaffin bishiyoyin turare da aka dasa lokacin da ake gyara filayen kuza. Da auren autarmu ya taso, muka zauna da Hajiyarmu aka amince a sare turaren a sayar, da kuɗin aka yi mata kayan ɗaki. Filin da ya buɗe muka ba wani haya, yana masara da dankali.

To tun daga nan ban sake gane wa lambun ba. Ana ruwan sama rafin yake komawa ja wur, laka ta sauko ta binne min fangaloli na ƙasa. Da rani ramin da nake jefa tiyon inji ya cike da yashi, kullum sai na yashe. Kabeji ya yi rawaya ya ƙi naɗewa, karas ya fito guntu-guntu. Na ƙara yuriya, shiru. Ga maƙwabtan da ke ƙasa da ni sun fara cewa ni na ɓata musu ruwa, har magana ta kai wurin mai unguwa. Yayana kuma yana jiran kuɗinsa. Wane taki zan sa ƙasar nan ta dawo?

Malam Garba Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba taki ne matsalarka ba, gangaren nan ne. Ba ka faɗa mana yadda mai hayar yake jan kunyarsa ba, amma na san amsar: daga sama zuwa ƙasa yake ja, kamar yadda yawancinsu suke yi. Kowace kunya ta zama lambatu kenan. Mu nan Filato muna sama da mita 1,200 daga teku, ruwan da muke samu a shekara yana kusan milimita 1,400, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zubowa da ƙarfi. Ƙasar saman gangarenmu ba ta da kauri, ga ta da tsami tun asali. Da saiwar turare da ganyen da ke zuba suna riƙe ta. Yanzu baƙar ƙasar ta tafi rafi, jar da ke ƙarƙashinta ce take saukowa tana rufe maka fangali, ita kuwa ba abinci a cikinta. Kuma ka daina ƙara yuriya. Yuriya tsami take ƙara wa ƙasa, in tsami ya yi yawa saiwa ba ta iya ɗaukar takin ko ka zuba buhu goma, sai ruwan ban-ruwa ya wanke shi zuwa rafi. Ka ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban a lambun ka kai a auna, ga kwalejin tarayya ta albarkatun ƙasa nan Kuru kusa da kai.

Baba Audu Farin Gada: Yaro, ka nemi tokar bola. Mu a bakin Dilimi da ita muka tashi, iyayenmu ma da ita suka yi. Ka sa tifa ta juye maka, ka tankaɗe, ka haɗa da kashin kaji, ka ga yadda kabeji zai yi kai. Sai dai yanzu tokar ma ta zama kayan gabas, rabi leda rabi kwalba, direba kuma ya ce man gas ya hau. Ka gama wannan wahala ka kai kaya kasuwa dillali ya yanka maka farashin da ya ga dama. Bana kwandon tumatir ko kuɗin fetur ɗin injina bai mayar ba.

Malam Garba: Baba Audu, gaskiyarku, toka tana kashe tsami, ban musa ba. Amma bolar da ba irin ta yau ba ce. Ta yau har da batir da robobi da gwangwanin fenti ake ƙonawa, akwai dalma a ciki, ganye irin latas da kabeji kuwa ɗanye mutane ke ci. In toka zai sa, ya nemi ta itace daga masu gidan burodi. Kuma ko zinariya ya zuba, damina ɗaya jar laka za ta sake binne ta muddin ba a tare gangaren ba.

Maman Ummi: Ni dai tausayin na ƙasa da kai nake ji. A Rikkos nake, ambaliyar Yulin 2012 a idona aka yi ta, maƙwabtanmu sun rasa 'ya'ya. Kowa sai ya yi abin da ya ga dama a sama, wannan ya yi gini a hanyar ruwa, wancan ya juye shara, mu na ƙasa mu kwashe. Da rani ka zo ka ga ruwan da yaranmu ke shiga, kore shar da gansakuka, ga wari. Masu feshi ma a bakin rafi suke wanke tankinsu. Ku ji tsoron Allah.

Ɗanladi Bisichi: Sani kada kowa ya ɗora maka laifi. Turare ba abin arziki ba ne a gona, ruwa yake shanyewa, ko ciyawa ba ta fita da kyau a ƙarƙashinsa. Ka duba sama da ku ko akwai 'yan loto, wato ƙananan masu haƙar kuza da hannu, da ke wanke kuza, ko masu ɗiban yashi. Mu nan su suka kashe mana rafi, tifa ta shiga har tsakiyar ruwa, gaɓa ta rufta da rabin gonar ƙanina.

Sani Mai Lambu: Allah Ya saka, Yaya Ɗanladi, abin da nake ta faɗa wa mai unguwa kenan. Akwai masu wankin kuza can sama. Kuma turaren nan ba don son rai muka sare ba, marainiya muka aurar. Tun da aka sare ma idon ruwan da ke gindin gangaren ya fi daɗewa bai ƙafe ba, wannan kowa ya shaida.

Malam Garba: Idon ruwa zai iya ƙaruwa, turare mashayin ruwa ne, kuma shi ma yana ƙara wa ƙasa tsami. Ban ce ka mayar da shi ba. Cewa na yi ƙasa tsirara a kan gangare ba ta zama. Raba gardama mai sauƙi ne: ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka ɗebi ruwan rafi a kwalba daga sama da gangarenku, ka ɗebi wani daga ƙasa da shi, ka ajiye su kwana ɗaya ka gwada lakar da ta kwanta. In na 'yan kuza ne, har da rani za ka ga ruwan a gurɓace ranar da suke wanki, kai kuwa ka ce sai an yi ruwan sama. A juya kunya ta gicciye gangaren, a dasa layukan jema ko gamba tsakani, a jera duwatsu inda kwazazzabo ya fara ci, kai kuma ka bar 'yan taku na ciyawa a bakin rafi kada ka nome har gaɓa. Tudun nan namu shi ke shayar da wasu, kogin Kaduna da na Gongola duk daga nan suka taso, Dilimi kuma ta gangara ƙasar Bauchi.

Sani Mai Lambu: Malam, na ji, amma ku duba. Mai hayar ya biya na shekara biyu, kuɗin kuma an kashe. Na taɓa yi masa maganar kunya ya ce in ya gicciye ruwa zai kwanta dankalinsa ya ruɓe, wa zai biya shi? Filin ma ba nawa ba ne, na ƙannena ne, mijin babbar shi ya kawo mutumin. Bakin rafin da kuke cewa in bari kuwa nan ne kaɗai kabejin yake ɗan yin kyau.

Malam Garba: Ba a ce a datse ruwan ba, ana ɗan karkata kunyar ne ya sulale a hankali zuwa magudana mai ciyawa. Masu dankali a Bokkos ba a kan tudu suke yi ba? Ka kai ni wurin mutumin in yi masa bayani da kaina.

Hajiya Talatu: Ni shawarata ka sayar da kasonka ka kama sana'a. Gonar gado da hannu da yawa a ciki ba ta ƙarewa lafiya, mu har kotu muka je da 'yan ubanmu, yau ko gaisuwa babu.

Sani Mai Lambu: Hajiya, ba zan sayar da inda mahaifina ya yi gumi ba. Malam, zuwanku zai sa surukinmu ya ga kamar ƙara na kai, a bari tukuna. Baba Audu, nawa za a kawo min tifa ɗaya ta toka zuwa Bukuru, kuma kafin dashe ake zubawa ko bayan ya kama?

Ɗanladi Bisichi: Kafin ka kashe kuɗin toka, ku haɗu ku kai ƙarar masu wankin kuzan nan wurin dagaci. Su nawa ne, kuma 'yan ina ne?