Ƙanena zai tafi karatu Texas, me ke gaskiya game da mutanen can?

Bakabe: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu gurbin karatun noma a jihar Texas ta Amurka, daga Birnin Kebbi zai tashi. Hankalin tsofaffi ya tashi, wai can ƙasar 'yan kaboyi ce, kowa da doki da bindiga, wai kuma Turancinsu ko Baturen Ingila sai ya kasa kunne. Masana, ina gaskiya, ina ƙari?

Malam Na-Argungu: Wa alaikumus salam. Allah shi ba da sa'a. Turancin ba wani dodo ba ne, jan harafi suke yi, wanda kuma ya fi yawa a ƙauyuka da gabashin jihar. Yadda Bakano ke tsokanarmu da "mi" da "wanga", haka 'yan New York ke kwaikwayonsu. Ya riƙe waɗannan: "y'all" na nufin ku, ga mutum biyu ko fiye. "Fixin' to" ba gyara ba ne, mutum na shirin yin abu ne yanzun nan. "Howdy" gaisuwa ce, a jami'ar Texas A&M da ke College Station ma ita ce gaisuwar ɗalibai. Inda baƙo ke faɗawa rami shi ne "bless your heart". In rashin lafiya ko rasuwa ake zance, tausayi ne na gaske. In kuwa bayan ya yi katoɓara aka faɗa masa, to an ce masa wawa ne cikin ladabi, kada ya washe baki yana godiya. Kuma kada "sir" da "ma'am" su bar bakinsa, suna ɗaukar hakan tarbiyya.

Hajiya 'Yar Gusau: Malam ya gama da gaisuwa, ni abinci ne damuwata, don sunaye na yaudara. "Chicken fried steak" babu kaza ko ɗaya a ciki, naman sa ne aka soya da fulawa. A wurin gashi, "brisket" ƙirjin sa ne, amma haƙarƙari da tsiran-alade sau da yawa na alade ne, a allo ɗaya ake yanka su. Abincin 'yan Meziko ya cika jihar, kuma markaɗaɗɗen wakensu da tamale (wani irin alalen masara) galibi da kitsen alade ake yi. Ya tambaya ko akwai "lard", da Sifaniyanci "manteca". In an ce zai sha "coke", sai kuma a tambaye shi wane iri, don wasu kowane lemon kwalba haka suke kiransa. Houston da Dallas akwai masallatai da shagunan halal birjik.

Ɗan Yauri: Yallaɓai, batun doki a kwantar wa su Baba da hankali. Gaskiya ne babu jihar da ta kai ta shanu a Amurka, amma akasarin jama'a a birane suke, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma masu tushen Sifaniyanci ne. Malafa da dogon takalmi ado ne, har habaici suke yi wa mai cika baki, "all hat, no cattle", wato ga malafa babu garke. Alfaharin kuwa akwai shi, don sun yi zaman ƙasa mai cin gashin kanta daga 1836 zuwa 1845.

Bindiga ba ƙari ba ne. Tun 2021 dokar jihar ta bar mai shekara 21 ya ɗauki ƙaramar bindiga ba lasisi. Amma dokar tarayya ta hana mai bizar karatu riƙe ta sai da wasu sharuɗɗa, ko a gidan aboki kada ya taɓa. Abin da zai fi wahalshe shi nisa ne: daga Houston zuwa El Paso kusan kilomita 1,200 ne, motocin haya kuma ba su wadata ba. Ya nemi ɗaki kusa da makaranta tun kafin ya tashi.

Bakabe: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Hajiya, maganar kitsen nan har da burodinsu na tortilla?

Hajiya 'Yar Gusau: Na fulawa wasu suna sa wa, ya duba jikin leda. Na masara yawanci babu.