Gwamnatin da ta kasa tsare ni, da wane baki take karɓar kuɗina?

Alhassan Mai Dawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya maganar nan ke cina, yau sai na amayar da ita. A ƙauyenmu bana sai da aka yanka wa kowane gida kuɗi, aka haɗa aka kai wa mutanen daji, kafin su bari mu girbe dawarmu. Innata tunkiyarta guda ɗaya tilo ta sayar ta biya kasonta. Jiya na kawo buhu shida kasuwa, ko sauke su daga kan kura ban yi ba, sai ga mai rasit a kaina, wai kuɗin gwamnati. Na ce masa wace gwamnatin? Ni a wurina duk gwamnatin da ta kasa tsare ran talaka da gonarsa haramtacciya ce, abin da take karɓa kuma ƙwace ne. Mai ja ya ja.

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar wa Inna da mafi alheri. Amma ɗan'uwa, ka janye kalmar nan ta haramtacciya. Halal da haram ba kayan bakin kowa ba ne. Wa ya ba ka wannan fatawar?

Alhassan Mai Dawa: Allah gafarta Malam, ni ba fatawa na bayar ba, abin da ya same ni na faɗa.

Malam Sabi'u: To ai ka ce haram. Da zarar ka ce haram ka shigo gonarmu.

Barista Hauwa: Malam, ina ga ba haramcin fiƙihu yake nufi ba. A doka, haramtacciyar gwamnati ita ce wadda ta hau mulki ba ta hanyar da tsarin mulki ya shata ba, sashe na 1(2) na kundin 1999 ke nan. Amma Malam Alhassan bai yi ƙarya ba, domin sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Inda gizo ke saƙar shi ne, sashe na 6(6)(c) ya hana ka kai ƙara kotu a kan babin da sashe na 14 yake ciki. An rubuta maka alkawari, an kuma rufe maka ƙofar neman haƙƙi. Duk da haka gazawa daban, haramci daban.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, mu nan Nijar mun sha jin kalmar nan har ta ishe mu. Da sojoji suka karɓi mulki ran 26 ga Yuli 2023, ku ne kuka yi ta cewa haramtacciya, aka rufe mana iyaka, aka yanke mana wuta. Amma ku tambayi wanda ya ga filin wasa na Seyni Kountché a Yamai yadda ya cika maƙil. Wa ya fi halacci, wanda jama'a suka fito dominsa ko wanda Faransa ke so?

Sani Tela: Haba Ɗan Maraɗi! Shugaba Bazoum da sojojin suka hamɓarar ai zaɓarsa aka yi a 2021, da ƙuri'a ya hau. Cika fili ba zaɓe ba ne, ko mai wasa da kura yana tara mutane.

Ɗan Maraɗi: Kai da zaɓenku fa? Mutum miliyan 93 suka yi rajista a 2023, wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa ko ƙuri'a miliyan 9 bai kai ba. Ka fara gyara gidanka tukuna.

Sani Tela: Ko mutum goma suka fito, zaɓe zaɓe ne. Kuma ka daina ce mini kai, na girme ka nesa ba kusa ba.

Usman Ɗalibi: Don Allah a ɗan saurare ni. Abin da Yaya Alhassan ya faɗa tsohuwar magana ce a ilimin siyasa. Thomas Hobbes, wanda ya rayu a zamanin yaƙin basasar Ingila, ya rubuta a 1651 cewa biyayyar talaka ga mai mulki tana nan ne muddin mai mulkin na iya kare shi, in kariyar ta ƙare biyayyar ta ƙare. Max Weber kuma a 1919 ya ce abin da ya sa hukuma ta zama hukuma shi ne ita kaɗai aka yarda ta yi amfani da ƙarfi a cikin iyakarta. To inda wasu ke yanka haraji da bindiga, suna yanke hukunci a daji, wa ke mulki a wurin? Wannan ce tambayar.

Malam Sabi'u: Ɗana, kullum sai Bature ya faɗa kafin ku yarda? Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Amma shi malami ne, ya san sharuɗɗan kiran abu haram.

Usman Ɗalibi: To ai Malam wannan hujjar Yaya Alhassan take ƙarfafawa.

Malam Sabi'u: Ba ka fahimce ni ba. Ka je ka ƙara karatu.

Baba Nepu: Yara ba su san tarihi ba. Haraji da jangali mu muka kashe su. Abubakar Rimi yana hawa a 1979 ya soke su a Kano. Ina nan, da idona na ga dattijai suna hawaye don murna, mutanen da aka taɓa shanya su a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji.

Ɗan Funtuwa: Baba a yi adalci, Balarabe Musa ma ya soke a Kaduna a shekarar. Kullum Kanawa sai ku haɗiye komai ku kaɗai.

Baba Nepu: Wa ya riga wani?

Ɗan Funtuwa: Wanda aka tsige a 1981 saboda ya ƙi sayar da aƙidarsa, shi ne nawa. Naku kuwa santsi ya kwashe shi.

Baba Nepu: Ka iya bakinka yaro! Rikicin santsi da taɓo, ɓangarorin jam'iyyar PRP guda biyu, ba a haife ka ba aka yi shi, kuma ka ma juya shi baibai. Rimi da Balarabe ai ɓangare guda suke.

Honarabul Garba: Ni halaccin da na sani shi ne ka tuna wanda ya yi maka rana. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoba 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairu 2024. Soja da ɗan sanda kuwa a hannun Abuja suke, gwamna ba ya iya ba su umarni yadda yake so. Amma mutum ya zauna a waya yana cewa haramtacciya. Wannan butulci ne, kuma mun san masu tura ku.

Alhassan Mai Dawa: Honarabul, wallahi babu wanda ya turo ni. Ko katin jam'iyya ba ni da shi. Jama'a ni fa tambayata ɗaya ce: mako mai zuwa in mai rasit ya sake tsaya mini, in biya ko kada in biya?

Ɗan Maraɗi: Sani Tela, har yanzu ina jiran amsar miliyan 9 ɗin nan.

Sani Tela: Sai ka fara faɗa mini ranar da za a yi zaɓe a wurinku.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, an kusa kiran magariba. Ga abin da aka tsayar. Kusan kowa ya yarda ɗan'uwanmu Alhassan ya yi kuskure wajen amfani da kalmar haramtacciya, kamar yadda Malam Sabi'u ya yi bayani mai gamsarwa, Barista ma ta tabbatar cewa a doka gwamnatinmu halastacciya ce. Honarabul ya tunatar da mu ƙoƙarin da gwamnoni ke yi, kuma ni shaida ne a kan haka. Maganar Turawan da Usman ya kawo ba ta shafe mu ba, a daina ruɗa mutane da ita. Ɗan Maraɗi, wannan gargaɗi na biyu ke nan a kan kawo siyasar soja cikin zaure. Baba Nepu da Ɗan Funtuwa ku ƙarasa ta gefe. Na rufe rubutu sai bayan isha'i. Wanda ke da niyyar taimaka wa Innar Alhassan ta mayar da tunkiyarta ya same ni ta akwatin sirri.