Cinikin bayi: laifin Turawa ne su kaɗai?

Malam Sani:
Jama'a, ana ta maganar Turawa su biya diyyar cinikin bayi. To, su wa suka kamo mutanen suka kai bakin teku? Ba sarakunan Dahomey ne ke sayar da su a tashar jiragen ruwa ta Ouidah, da ke ƙasar Benin ta yanzu, ba? In bashi za a bi, ai har da 'yan Afirka a ciki.

Hajiya Binta:
Malam, wanda ya sayar yana da laifi, babu musu. Amma ka dubi inda ribar ta taru. Sama da mutum miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa. Da Ingila ta soke bauta a 1833, ta biya fam miliyan 20, kuma iyayen gijin bayin ta biya, su bayin ko sisi. Haiti kuwa, bayan bayi sun ƙwaci 'yancinsu da jininsu, Faransa ta ɗora musu bashin faran miliyan 150 a 1825. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗan Kaka:
Mun iya lissafin na Turawa, namu kuma mu yi gum. Rinji fa? Ƙauyukan bayi ne masu noma wa manya a daular Sakkwato, kuma sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Har gobe akwai gidajen da ke tonon asali in an zo neman aure.

Malam Sani:
Hajiya, na Haiti kam a mayar musu da kuɗinsu. Ɗan Kaka, shi wannan na neman auren, gaban wa za a kai ƙara?