Zanen ɗinkin raga: me ya sa Dagin Arewa yake fitowa a karkace?

Maman Ilham, Jekadafari

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar allura. Ina koyar da mata ɗinkin hula da na zanen gado a nan Gombe, yanzu kuma ina so in ƙara da ɗinkin raga, wanda ake cike idon kambas da ulu a yi matashin kujera ko abin ratayewa a bango. Zanen ne ya tsaya mini. Idan aka zana Dagin Arewa a kan ragar da biro yadda muke zana hula, ɗaliba takan rasa launin da za ta sa a bakin layi, in an gama kuma sai gefe ɗaya na dagin ya fito sumul, ɗayan kamar haƙorin zarto. Ga aikin yana karkacewa, mai kusurwa huɗu ya koma a gicciye. Yaya ake tsara zanen tun farko? Ulu nawa matashi mai inci 14 zai ci? Da me ya dace a fara wa sabuwar ɗaliba? Allah Ya saka da alheri.

Baba Mai Zane, Wunti

Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye biron nan tukuna. A hula, layin da kika ja shi allura take bi, ko ya lanƙwasa ko ya miƙe. A raga kuwa allura ba ta da hanya sai ido, kuma kowace suka tana rufe mahaɗa ɗaya ce, inda zaren tsaye ya haye na kwance. Saboda haka aikin mai zane shi ne ya yanke wa kowace mahaɗa launinta tun kafin ragar ta bar hannunsa. Layin da ya ratsa tsakiyar mahaɗa, rabi ja rabi fari, shi ne yake sa ɗaliba canki-canki, kuma mutum biyar za su fitar da dagi iri biyar.

Fara da sanin idon ragarki. Ki ɗora tef ki ƙirga ido nawa ne a inci ɗaya. Waɗanda aka fi yi su ne mai 10, 12, 13, 14 da 18, sai ta roba mai 7. Matashi mai inci 14 a raga mai ido 10 suka 140 ne a faɗi, 140 a tsayi, gaba ɗaya 19,600. Girman nan dai a mai ido 18 suka 252 ne kowane gefe, wato 63,504, ya haura ninki uku. Wannan lissafin shi ne farkon komai, har kuɗin aiki.

Daga nan ki ɗauki takardar giraf ta ƴan makaranta, kowane gida suka ɗaya. Kada girman zanen a takarda ya ruɗe ki, gidajenta ba su yi daidai da idon raga ba, ƙirga ita ce abin bi. Dagi abu ne da dama da hagunsa suke daidai, don haka ki sa faɗinsa ya zama mara, kamar 99 ko 101, a samu layi ɗaya tak a tsakiya. Ki zana kwata ɗaya, ki kwafa sauran ukun ta hanyar ƙirga daga tsakiyar.

Maganar gefen da yake fitowa da tsini-tsini, ba laifin ɗaliba ba ne. Kowace suka tana kwanciya ne daga ƙasan hagu zuwa saman dama. Layin da ya tafi ta wannan fuskar, sukar tana kama bakin ƴar uwarta, sai ya fito a haɗe. Wanda ya tafi ta ɗaya fuskar, daga ƙasan dama zuwa saman hagu, sukar ba ta taɓa juna, sai ya zama ɗigo-ɗigo. Dagi kuwa duk jikinsa layukan gicciye ne ta fuska biyu. Magani biyu ne. Ko dai kada wani layin gicciye ya gaza kaurin suka biyu, uku ma ya fi a raga mai 10, ko kuma a juya kwanciyar sukar a layukan da suka saɓa kawai. Na biyun yana da kyau a hannun gwana, amma ga mai koyo na farkon ne lafiya.

Wajen ɗora zanen a raga, ki yanka ta da rarar inci 2 a kowane gefe, wato inci 18 don aikin inci 14. Ki naɗe bakin da salatef na takarda don kada ya warware ko ya riƙa kama ulu, ki rubuta "sama" a kansa. Ki nemo tsakiya da ƙirga. Fentin akirilik ne ake sa wa, domin in ya bushe ruwa ba ya ɗaga shi. A tsinka shi da ruwa har ya daina toshe ido amma launin bai mutu ba, a bi mahaɗa ɗaya-ɗaya da ƙaramin buroshi mai ɗan tauri. Idon da ya toshe a hura shi tun fentin yana ɗanye. A bar shi ya kwana. Biro, fensir da kalar ruwa ta yara duk ba su shiga: biro da kalar ruwa za su zuba cikin farin ulu ranar da aka jiƙa aikin, fensir kuma yana baƙanta zare tun ana ɗinki. Ko makar da aka rubuta ba ta goguwa, a gwada ta a guntun raga, a jiƙa, a danna farin ƙyalle a kai.

Abu ɗaya da masu zane kan manta: launuka biyu masu kama da juna, kamar kore mai duhu da wanda ya fi shi duhu kaɗan, a bambanta su sosai a fenti fiye da yadda suke a ulu. Fentin alama ce kawai, ba shi za a gani ba.

Hajiya Mai Ulu, Fadaman Mada

Baba ya gama da zane, bari in taɓa karkacewar. Ƙanwata, ki juya bayan aikin ɗalibanki ki duba. Daga gaba sukar iri ɗaya ce, amma hanya uku ake bi a same ta.

Akwai rabin gicciye, wanda bayansa gajerun sanduna ne a miƙe. Shi ya fi tattalin ulu, sai dai ba ya rufe raga sosai, kuma a raga mai zare ɗaiɗai wadda mahaɗarta take motsi yana zamewa. Sai a mai zare bibbiyu ko wadda aka kulle mahaɗarta. Akwai na layi-layi, mai dogayen sukar karkace a baya. Yana rufewa da kyau, amma shi ne babban mai karkatar da aiki, domin kowace suka ta gaba da ta baya fuska ɗaya suke ja. Na uku shi ne saƙar kwando, wanda ake farawa daga kusurwar sama ta dama ana bin layi a gicciye, a sauka a hau. A bayansa zaren yana tafiya sau ɗaya a tsaye sau ɗaya a kwance, jan yana kashe juna, aikin ya zauna. Duk fili mai faɗi, musamman bayan dagi, da shi za a cike. Na layi-layi a bar shi ga siraran layuka da harufa. Ƙa'idar saƙar kwando: a sauka a layin da zaren tsaye yake sama a mahaɗa, a hau a wanda na kwance yake sama. In aka yi layi biyu a jere ta fuska ɗaya, wata siririyar gaɓa takan fito a gaba, kuma ba ta ɓacewa sai an farke.

Ni ra'ayina a ɗaure raga a firam na katako da ƙananan ƙusoshi, ta yi tsam, a riƙa suka da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Wanda ya riga ya karkace kuma ana gyara shi. A zana ainihin girman aikin a kan allo, a shimfiɗa farin ƙyalle, a yayyafa wa bayan aikin ruwa har ragar ta yi laushi, ba a tsoma shi ba. A kifa shi, a ja kusurwa zuwa kusurwa har ya hau layin, a kafe da ƙusar da ba ta tsatsa, tazarar inci ɗaya-ɗaya, a cikin rarar nan ta inci 2. Da hunturu yakan bushe da wuri. Da damina, wajen watan Agusta, sai an ba shi kwana biyu ko uku a wuri mai iska, in ba haka ba ya yi fumfuna. Kada a cire shi da sauran danshi, komawa zai yi. Kada kuma a ɗora masa dutsen guga kai tsaye, ulun roba narkewa yake yi, na gaske kuma ya kwanta ya mutu.

Yawan ulu ba a cankarsa. Ki yanki ulu ki auna, ki cike inci ɗaya a faɗi da tsayi da irin sukar da za a yi, ki ga abin da ya ci. A ce ya ci mita ɗaya. Inci 14 sau 14 ya ba da 196, wato mita 196. Ki ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda bakin zare da farka, ya zama wajen 235. Ɗaurin ulun kamfanin DMC mita 8 ne, kin ga ɗauri 30 ke nan, sai ki raba su gwargwadon filin kowane launi. Na filin da ya kewaye dagi ki saye shi gaba ɗaya rana ɗaya, lambar rini ɗaya. Lambar launi ɗaya amma rini daban, sai an gama a fito da shi rana a ga layi ya raba matashi biyu. Ja da shuɗi mai duhu a jiƙa guntu a gwada ko suna zuba.

Allura mai dakusasshen baki ake so, don ta shiga ido ba ta huda zaren raga ba: lamba 18 a raga mai 10, lamba 20 a mai 12 zuwa 14, lamba 22 a mai 18. Allurar hula mai tsini ba ta wannan aikin.

Maman Ilham, Jekadafari

Na gode Baba, na gode Hajiya. To ulun saƙa da muke samu a kasuwa, na rigunan jarirai, zai yi? Na waje sai an yi oda, kuma ɗalibai ba za su iya kuɗinsa ba.

Anti Malama, Azare

Zai yi Maman Ilham, amma a inda ya dace. A ragar roba mai 7 da mai ido 10 yana shiga. Ki gwada: in ana ganin farin raga ta tsakanin suka, ya yi siriri, a ninka shi biyu. In sai an ja da ƙarfi ko yana tura zaren raga gefe, ya yi kauri. Aibinsa shi ne yana yin ƙuli-ƙuli in ana yawan gogarsa, don haka ya fi dacewa da abin bango fiye da matashin da yara za su riƙa hawa. A mai 18 kuwa zaren auduga mai sili shida irin na DMC ko Anchor ya isa, a raba silin a sake haɗa su kafin a zura, sun fi kwanciya.

Game da firam, Hajiya ki yi haƙuri, ban bi ki duka ba. Mace da za ta tafi da aikinta gida ta yi shi tsakanin girki da raino ba za ta yi ta jigilar katako ba. In ta iya saƙar kwando, ta naɗe ragar a hannu ba ta dunƙule ta ba, ƙaramin aiki ba ya karkacewa can. Firam sai aikin ya wuce inci 10.

Sabuwar ɗaliba kada ta fara da dagi. A ba ta ragar roba mai 7, inci 4 sau 4, abin ɗora kofi, suka 28 kowane gefe, 784 duka, launi biyu kawai. Roba ba ta karkacewa, idonta manya ne, kuma tana gamawa cikin ƴan kwanaki ta ga abin hannunta. Na biyu ya zama inci 6 a mai ido 10, a nan za ta koyi saƙar kwando. Sai na uku a ba ta zane mai gicciye.

Abubuwan da sai an tsaya a kansu tun ranar farko: tsawon zare kada ya wuce kamu ɗaya, wajen santimita 45, domin dogo yana gogar raga ya siranta, ƙarshen layi ya fi farkonsa rama. Ba a ƙulli a baya, a kwantar da bakin zare inci ɗaya a ɗinke kansa, in an gama a cusa shi ƙarƙashin launinsa. Kada a ƙetare da baƙin zare ta bayan wurin da fari zai zauna, yana nunawa. A fara da launi mai haske. Lokaci-lokaci a saki allura ta yi lilo, murɗewar zaren ta warware. Bahaguwa a juya mata ragar sama ta koma ƙasa ta yi yadda hannunta ya saba, in an mayar sukar tana nan daidai da ta kowa.

Wadda ta saba da hula ita ce ta fi wahalar sakin hannu, domin ta saba tamke zare. A nan ja kaɗan ake yi, sukar ta kwanta a kan mahaɗa ba ta shaƙe ta ba. Da hunturu kaushin hannu yana kama zare, man shafawa kuma yana ɓata fari, to a shafa tun da dare, a wanke hannu kafin a zauna, aikin kuma a naɗe shi cikin ƙyalle saboda ƙura.

Aji kada ya wuce mutum shida ko takwas, tunda sai kin juya bayan aikin kowace kin gani.

Baba Mai Zane, Wunti

Ƙari kaɗan Malama, tunda za a fara kawo miki odar suna. Harafin boko mafi ƙanƙanta da zai karantu yana son suka 5 a faɗi, 7 a tsayi, da suka ɗaya ko biyu tsakaninsa da na kusa. Ki ƙirga sunan a takarda kafin ki amsa, dogon suna ba ya shiga ƙaramin fili a raga mai 10. Rubutun Larabci da ajami saboda lanƙwasa da ɗigo yana son mai 14 ko 18. Aya ko sunan Allah kuma a bar su ga abin bango, ba matashin da za a jingina ko a zauna a kai ba.

Kuɗin aiki ki raba shi biyu. Na zane daban, domin takardar giraf sau ɗaya ake wahalarta a yi ta amfani da ita, fentin kowace raga kuwa sabon zama ne. Na ɗinki ki auna minti nawa inci ɗaya yake ci, ki ninka da yawan incin. Ki rubuta sunanki da lambar zanen a salatef ɗin bakin raga, ainihin takardar kuma ta zauna a wurinki, ɗalibai a ba su ragar da aka fente.